Sharhi kan wani shagon netsuke a Kiyoto: hauren giwa na kallo ne, katako na saye

A titunan Shinmonzen da Furumonzen da ke gabashin birnin Kiyoto, inda dillalan tsofaffin kaya suka jeru ƙofa da ƙofa, akwai wani ƙaramin shago wanda kusan duk hajarsa netsuke ce, wato 'yan ƙananan sassaƙe-sassaƙen nan na ƙasar Japan waɗanda mafi yawansu ba su fi girman goro ba. Hukuncina a kan shagon shi ne cewa ya cancanci ziyarar duk mai son aikin hannu na gaske, saboda mai shi ya san hajarsa ciki da waje, kuma ba ya ɓoye aibin abin da yake sayarwa. Sai dai akwai wani ɓangare na cinikinsa da ban yarda da shi ba ko kaɗan, kuma akwai kaya masu yawa a cikinsa waɗanda baƙo daga ƙasar waje zai iya riƙewa a hannu, ya yaba, amma ba shi da halin fita da su daga Japan.

Ba a iya auna ingancin netsuke sai an san aikin da aka yi shi domin ya yi. Rigar gargajiya ta Japanawa ba ta da aljihu, don haka a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, namiji kan rataya abin da yake bukata a jikin ɗamarar da yake ɗaure rigar da ita, wadda suke kira obi. Jakar kuɗi, jakar taba, ko ƙaramin akwatin nan mai hawa-hawa da ake kira inro wanda ake zuba magani ko hatimi a ciki, duk ana ɗaura su da igiyar alharini, a zura igiyar ta bayan ɗamara, sannan a ɗaura netsuke a ƙarshenta ta sama domin ya tokare, kayan kada su zame su faɗi. Daga wannan aiki ne duk ƙa'idojin sana'ar suka fito. Dole ya kasance dunƙulalle, ba shi da tsini ko wani reshe da zai yagi alharini ko ya karye idan mutum ya sunkuya. Dole ya kasance da wurin zura igiya, galibi ramuka biyu waɗanda ake kira himotoshi, a wurin da zai sa kyakkyawar fuskarsa ta kalli waje idan an rataya shi. Kuma tun da yake hannu ne zai riƙa shafa shi dare da rana, dole a gama sassaƙa kowane gefe nasa, har ƙasan da ba kowa ke gani ba. Yaɗuwar shan taba bayan 'yan Fotugal sun kawo ta a ƙarshen ƙarni na 16 ta ƙara yawan masu bukatarsa, kuma attajiran birane, waɗanda dokokin lokacin suka taƙaita musu ado da tufafi, suka mai da shi wurin nuna wadata da iya zaɓe.

Abin da ya fi burge ni a shagon shi ne cewa an gina hidimarsa a kan wannan fahimta. Kayan suna cikin akwatunan gilashi da aljihunan katako marasa zurfi, amma da zarar mai saye ya nuna wanda yake so ya gani, sai a ɗauko shi a ɗora a kan faranti mai shimfiɗar ƙyalle, a ba shi kujera, a roƙe shi ya cire zobe, sannan a bar shi ya juya abin a tafin hannunsa iya son ransa, muddin dai hannun yana saman farantin. Ana kuma ba da gilashin ƙara girma ba sai an tambaya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a gidajen tarihi ana ganin netsuke ne ta bayan gilashi kuma ta fuska ɗaya, alhali rabin aikin gwanin yana ƙasa da baya, wani sashensa ma yatsa ne kaɗai ke gane shi. Babu gaggawa, babu matsa wa mutum ya saya, kuma mai shagon ba ya fara magana a kan abu sai ya ga mai kallo ya gama nasa nazarin.

A cikin kayan hauren giwa da aka nuna mini, wanda na fi daɗewa a kansa shi ne wani sa a kwance, ya naɗe ƙafafunsa a ƙarƙashinsa, ya juyo da kai gefen dama, igiyar da aka zura masa a hanci ta bi ta kan doronsa. An zana gashin jikinsa da layuka sirara ƙwarai waɗanda suke bin yadda tsoka ta kwanta, aka cusa baƙar tawada a cikinsu, aka kuma dasa ƙwayar idonsa da ɗan guntun ƙaho baƙi. A kan ƙugunsa da ƙashin bayansa, inda yatsu da tufafi suka fi gogawa, layukan gashin sun shafe gaba ɗaya, wurin ya yi sulɓi yana ƙyalli, alhali a cikin lungun wuya da tsakanin ƙafafu suna nan da kaifinsu kamar jiya aka yanka su. Saman ya yi fari mai ɗan duhu, ƙasan kuwa, wanda ya daɗe yana jingine da jikin mai shi nesa da haske, ya rine ya koma ruwan zuma. Ramukan igiyar ba girmansu ɗaya ba: ɗaya ya fi faɗi domin ƙullin igiya ya ɓuya a ciki, kuma bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya, daidai inda igiya ta yi ta ja shekara da shekaru. Masu tara netsuke a Japan suna kiran irin wannan gogewa nare, kuma suna ƙara kuɗi saboda ita. Akwai 'yan tsage-tsage sirara masu bin tsawon hauren, irin waɗanda tsufa ke kawowa, ba su kai ga raunana shi ba.

A ƙasan san, a cikin ɗan zane mai kusurwa huɗu, an rubuta sunan Tomotada. Wannan suna ne mai nauyi. Tomotada yana cikin manyan masassaƙan Kiyoto na ƙarni na 18, tare da Masanao da Okatomo, kuma littafin Soken Kisho da Inaba Tsuryu ya wallafa a Osaka a 1781, wanda ya jero sunayen masassaƙan netsuke sama da 50, ya ambace shi da gwanintar sassaƙa shanu, ya kuma nuna cewa tun yana raye ake kwaikwayon aikinsa. A nan ne na ga gaskiyar mai shagon. Tun kafin in buɗe baki ya gaya mini cewa bai ɗauki wannan sa a matsayin aikin Tomotada da kansa ba, cewa a ganinsa aikin wani ne daga baya mai bin salonsa, kuma farashin da ya sa masa na hakan ne. Ya nuna mini dalilansa: kofatan ba su da ƙarfin da ake gani a ayyukan da masana suka amince da su, kuma rubutun sunan ya fito a ɗarare, kamar na mai kwafi ba na mai rubuta sunansa ba. Dillalin da zai iya yin shiru ya bar suna ya yi masa ciniki, amma ya zaɓi ya rage darajar kayansa da bakinsa, ya cancanci a amince da sauran maganarsa.

Riƙe wannan sa ya sa na fahimci abin da ya sa masassaƙa suka so hauren giwa haka. Ba shi da jijiyar da ke tsagewa kamar ta katako, yana da tauri amma wuƙa na cinsa ta kowace fuska, yana riƙe layi mafi sirantaka ba tare da bakinsa ya ɓare ba, yana shan rini, kuma yana ɗaukar sheƙi mai zurfi. Japan ba ta da giwaye, don haka ta tashar Nagasaki yake shigowa a hannun fataken Sin da na Holan, yana da tsada ƙwarai, har ya zama masu yin netsuke da yawa suna sayen guntayen da suka rage wa masu yin abin kaɗa molon shamisen. Shi ya sa tsofaffin ayyukan Kiyoto da dama, har da wannan sa, idan an dube su ta gefe sai a ga suna da siffar kusurwa uku: gwanin ya lanƙwasa dabbar ne domin ta shiga cikin guntun da ya samu. Ana fara aikin da zarto da magagari a fitar da siffa, sannan a koma ga ƙananan wuƙaƙen kankara waɗanda masassaƙin kan ƙera wa kansa, yana kankare hauren kaɗan-kaɗan. Bayan haka a goge da busasshiyar ciyawa mai kaushi da ake kira tokusa, a bi da ganyen itacen muku, a rina da ruwan da aka dafa 'ya'yan itacen yasha a ciki, a sake gogewa domin rinin ya tsaya a lunguna kawai. Ba kowa ne ya bi wannan hanya ba. Kaigyokusai Masatsugu na Osaka, wanda ya rayu daga 1813 zuwa 1892, ya shahara da zaɓen haure mafi kyau da barinsa fari tas ba rini, yana dogara ga tsabtar yanka kaɗai, kuma har yau ayyukansa suna cikin mafi tsada a kasuwar gwanjo.

Wata hidima da shagon ke yi, wadda ba a biya, ita ce koya wa mai saye yadda ake bambanta kaya. Mai shagon yana ajiye da wasu 'yan samfura a aljihun teburinsa domin wannan kawai. A wurin da aka yanka hauren giwa a gicciye ana ganin wasu layuka masu sarƙewa da juna kamar saƙar raga, waɗanda masana ke kira layukan Schreger, kuma babu su a ƙashi ko roba. A hauren giwar yau, kusurwar da layukan ke yi kusa da gefen waje takan wuce digiri 115, a hauren mamot kuwa, wato tsohuwar giwar nan mai gashi da ta ƙare wadda ake tono haurenta daga daskararriyar ƙasar Saiberiya, kusurwar takan gaza digiri 90. Ƙashi yana da 'yan ɗigo-ɗigo baƙaƙe na hanyoyin jini, ƙahon barewa yana da ciki mai huji-huji, roba kuwa takan bar kumfa ƙanana da layin inda bakin mazubi ya haɗu. Ya gargaɗe ni a kan gwajin allura mai zafi da wasu ke ba da shawara, domin yana ɓata abu mai kyau kuma ba ya tabbatar da komai a kan shekarunsa. Ya kuma nuna mini wani jabu da aka jiƙa a rini domin ya yi kama da tsoho, inda launin ya zauna bai ɗaya ko'ina, har a wuraren da hannu ya kamata ya goge, ramukan igiyarsa kuma daidai wa daida, an huda su da injin a wurin da ba za su riƙe komai ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma wanda ya ga na gaske da jabu a faranti ɗaya ba zai sake ruɗewa da sauƙi ba.

Tambaya ta farko da ya yi mini da na nemi jin farashin san ita ce ko a Japan nake zaune. Da ya ji cewa baƙo ne ni, sai ya ce ba zai sayar mini da komai na hauren giwa ba, ya kuma yi bayanin dalili a natse. Yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, wadda Japan ta shiga a 1980, ta sa giwar Afirka cikin jerin dabbobin da aka haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe a 1989, haramcin ya fara aiki a farkon 1990. A cikin Japan kanta cinikin haure halal ne a doka har yanzu, da sharaɗin cewa ɗan kasuwa ya yi rajista da gwamnati, kamar yadda gyaran dokar kare dabbobi masu fuskantar ƙarewa ya wajabta tun daga watan Yunin 2018, kuma lambar rajistar shagon tana manne a inda kowa zai gani. Fita da shi kuwa wani abu ne dabam. Ko tsohon aiki ne da ya girmi yarjejeniyar, sai an sami takardar izini daga ma'aikatar tattalin arziki, ciniki da masana'antu, sannan kuma ƙasar da za a kai shi ta yarda, kuma ƙasashe da yawa sun rufe ƙofa. Amurka ta tsananta dokarta a 2016, Sin ta rufe kasuwarta ta cikin gida a ƙarshen 2017, Birtaniya ta kafa dokar haure a 2018 ta fara aiki da ita a watan Yunin 2022, inda netsuke na haure zalla ba ya samun sassauci sai in an yi shi kafin 1918 kuma an tabbatar yana da daraja ta musamman. Wanda ya saka irin wannan abu a jaka ya nufi filin jirgi yana iya rasa shi a hannun jami'an kwastan, ya kuma fuskanci tuhuma. Na yaba da wannan tsayuwa tasa ƙwarai, domin sanannen abu ne cewa ba kowane mai shago ke damuwa da inda kaya za su bayan an biya kuɗi ba.

Duk da haka, a nan ne kuma nake da babban ƙorafina. Kusa da ƙofa akwai wani kanta da aka jera sababbin netsuke na hauren giwa, aikin wannan zamani, domin masu saye na cikin gida. Mai shagon ya ce daga tsohon ajiya mai rajista aka yanka su, kuma ba ni da dalilin ƙaryata shi. Amma doka ta fi tsananta rajista ne a kan cikakken haure, wanda tun daga watan Yulin 2019 sai an gwada shekarunsa a ɗakin bincike kafin a karɓa, shi kuwa ɗan guntun da aka riga aka sassaƙa ba ya ɗauke da wata shaida a jikinsa da mai saye zai duba da kansa. An ƙiyasta giwayen Afirka sun kai miliyan 1.3 a 1979, suka ragu zuwa kusan 600,000 a 1989. An ba Japan izinin sayen kimanin tan 50 daga Botswana, Namibiya da Zimbabwe a 1999, aka sake wani cinikin a 2008 wanda ta raba da Sin, sannan babbar ƙidayar da aka fitar a 2016 ta nuna giwayen dajin sarari sun ragu da kashi 30 cikin 100 tsakanin 2007 da 2014. Gaskiya ne cewa hatimin sa hannu, wanda Japanawa ke kira hanko, shi ke cinye mafi yawan hauren da ake sayarwa a ƙasar, netsuke kaso ne ƙarami. Amma manyan kasuwannin intanet na ƙasar sun riga sun janye, Rakuten a 2017, Yahoo Japan a 2019, kuma ina ganin shagon da ya san darajar wannan sana'a haka ya fi kowa dacewa ya bi sahu. Tsohon san nan giwarsa ta mutu tun ƙarnoni da suka wuce, adana shi adana tarihi ne. Sabon yanka kuwa yana raya sha'awar farin haure a zukatan masu saye, kuma wannan sha'awa ce mafarauta ke ci da ita. Abin da ya ƙara mini takaici shi ne cewa kayan wannan kanta su ne mafi rauni a shagon ta fuskar gwaninta: fari ne kawai da sheƙi, siffofin duk iri ɗaya.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan wannan kanta tana cikin shagon kansa. Tun asali sana'ar ba ta dogara ga haure kaɗai ba. Yoshimura Shuzan na Osaka da katako mai laushi ya yi aiki yana shafa masa launi, Tametaka na Nagoya da Minko na Tsu da katako suka yi suna, Tomiharu da almajiransa a lardin Iwami sun sassaƙa haƙorin aladen daji, Kokusai na Tokiyo kuma ya ɗaukaka ƙahon barewa, abin da wasu ke raina wa, har ya zama salo mai zaman kansa. Masassaƙan yau suna aiki da wani itace mai tauri da ake kira tsuge, da ƙaho, da hauren mamot, da ƙwallon tagua na Kudancin Amurka mai kama da haure idan ya bushe, kuma aljihunan shagon cike suke da ayyukansu.

Daga cikinsu na sayi nawa: kwanson 'ya'yan bado, irin badon da ke tsiro a tafkunan haikalin Japan, wanda wani masassaƙi mai rai ya yi da itacen tsuge. Tsohon jigo ne a wannan sana'a, kuma zai dace da wanda ba ya son ajiye siffar abu mai rai, domin netsuke na ganye, 'ya'yan itace, ƙwarya da zanen huji-huji suna da yawa. Faɗinsa bai kai santimita 4 ba. Fuskarsa ta sama tana da ramuka, a cikin kowane rami akwai ƙwaya baƙa wadda take motsi tana leƙowa idan an kifa shi, amma bakin ramin ya fi ta ƙanƙanta, ba ta faɗowa, kuma idan an girgiza shi a kusa da kunne ana jin ƙaramar ƙara. Bayansa ya yamutse kamar yadda busasshen kwanso ke yi, da jijiyoyi masu gangarowa zuwa kara. Abin da ya sa na zaɓe shi a kan sauran shi ne yadda aka warware matsalar igiya: maimakon a huda ramuka biyu, an lanƙwasa karan ya dawo ya manne da jikin kwanson, ya bar ƙofar da igiya za ta bi, ta yadda ba a ga wani huji da ya saɓa wa halittar abin ba. Na gwada shi da igiya da ɗamara a shagon, ya zauna daidai, fuskarsa na kallon waje, bai karkace ba. A tafin hannu ba shi da sanyi da nauyin haure, yana da ɗumi da sauƙi, kuma babu inda yake sukar fata.

Ba zan ce ba shi da aibi ba. Rinin ya yi yawa a cikin lungunan bayansa, har ya cushe wasu layuka sirara da na tabbata masassaƙin ya sha wahala a kansu, kuma sa hannunsa ya yi girma ga abu ƙanƙane haka, yana jan ido daga aikin. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin takan maƙale idan iska ta yi laima, sai an taɓa ta da farce. Mai shagon ya nuna mini matsalar rinin da kansa kafin in biya, ya ce hannu zai rage shi da kaɗan-kaɗan, kuma haka nake gani yana faruwa.

Game da kuɗi, araha ba ta ado a wannan kasuwa. Kwaikwayon roba da na injin da ake sayar wa masu yawon buɗe ido a wasu wurare ba ya wuce 'yan dubban yen, aikin hannu na masassaƙi mai rai yana farawa ne daga dubun-dubata ya haura zuwa dubban ɗaruruwa, tsofaffin ayyuka masu suna kuwa sukan shiga miliyoyi. Idan aka tuna cewa netsuke ɗaya mai kyau yana iya cin makonni ko watanni a hannun mai yinsa, abin da na biya bai yi mini yawa ba. An naɗe shi a ƙyalle, aka saka a akwatin itacen kiri mai rubutun masassaƙin a murfi. Sai dai rasit ɗin da aka fara ba ni kuɗi kawai ya nuna, sai da na nema sannan aka rubuta irin itacen da aka yi shi da shi, da abin da aka yi ƙwayoyin da shi, da cewa babu haure ko ƙoƙon kunkuru a jikinsa. Wannan takarda ita ce kariyar matafiyi a gaban jami'in kwastan, kuma ya kamata shago irin wannan ya riƙa bayar da ita ba sai an roƙa ba.

Akwai wasu ƙananan gazawa. Fitilun shagon masu ruwan ɗorawa ne, suna ƙawata tsohon haure amma suna ɓoye ainihin launinsa da wuraren da aka yi gyara, don haka duk abin da mutum ya yi niyyar saye ya nemi a kai shi bakin taga. Takardun bayanin kaya da Japananci kawai aka rubuta su, manyan kayan kuma ba a rubuta farashinsu ba. Mafi muhimmanci, tarihin hannayen da tsofaffin kayan suka bi kafin su iso shagon bai cika ba, sau da yawa magana ce ta baki, alhali a kasuwar yau wannan tarihi ne ke raba abin da za a iya sake sayarwa da abin da zai maƙale a hannun mai shi har abada. Wurin kuma ƙarami ne, idan mutum biyu suna zaune na uku sai ya jira.

Wanda zai fi cin moriyar wannan shago shi ne wanda ya fara horar da idonsa a wani wuri. Gidan tarihi na ƙasa da ke Tokiyo yana da tarin Go Seinosuke na tsofaffin ayyuka da tarin Yarima Takamado, wanda ya rasu a 2002, na ayyukan zamani, a Kiyoto kuma akwai gidan tarihin netsuke na Seishu da aka buɗe a unguwar Mibu a 2007, mai ba da ƙarfi ga masassaƙan yau. Wanda ya ga waɗannan zai iso shagon da ma'auni a kansa, ya kuma fahimci abin da mai shagon ke nuna masa. Mai neman tsarabar gaggawa ko mai neman farin haure domin ya kai gida ba wurinsa ba ne.

Shawarar kulawa da aka ba ni gajeriya ce kuma ta yi aiki. Katako da haure duka suna shan laima suna fitarwa, don haka sauyin yanayi na farat ɗaya ne ke tsaga su, ba tsufa kawai ba. A nisanta su da rana kai tsaye, da na'urar ɗumama ɗaki, da iskar na'urar sanyaya ɗaki, kada a wanke su da ruwa ko a shafa musu mai, a share ƙura da burushi mai laushi, a riƙe su da hannu mai tsabta, a mayar da su akwatinsu idan iska ta bushe sosai. Tun da na fara bin wannan, kwanson badon bai tsage ba, gefunan da yatsa ke yawan bi sun fara yin haske, layukan da rini ya cushe suna ƙara bayyana, ƙwayar nan mai maƙalewa kuwa har yanzu takan maƙale a ranakun laima.